Saƙon Gayya Na Ci Gaba Da Fita Da Sunan Marigayi

Anti Asiya, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa.

Maigidana malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma shi ke tsara wa ƙungiyar manoman garinmu gayya. Yana da jadawali a laftof ɗinsa, kowa da ranar da za a taru a gonarsa. Mutanenmu kuwa ƙananan wayoyi gare su, ba sa buɗe jadawali. Sai ya rubuta wani ɗan umarni da yake kira sikirif. Duk Alhamis da an kunna laftof, shi da kansa zai kwashe jadawalin ya mai da shi rubutu zalla, ya tura wa mutum arba'in da uku. Na sha yi masa tsiya cewa lalaci ne ya sa ya koya wa na'ura aikinsa, sai ya yi dariya kawai.

Allah ya yi masa rasuwa bara bayan an yi girbi. Da damina ta faɗi, ni na ci gaba da cika jadawalin, tunda na ga yadda yake yi. Amma a ƙarshen kowane saƙo akwai layin da ya sa: Naku, Abdulhadi. Sunan da ban taɓa furtawa a gabansa ba saboda kunya, yanzu shi nake zaman jira. Ni na kunna, na sani, amma in wayata ta yi ƙara sai in karanta har sau biyar. Ina kewarsa, Anti, kewar da ba na iya faɗa a gida.

To ashe lambar Inna, mahaifiyarsa, tana ciki. Maƙwabciyarta ke karanta mata, duk ranar kuwa Inna ba ta cin abinci. Shugaban ƙungiya, Malam Sama'ilu, ya aiko matarsa ta roƙe ni in cire sunan. Na ce ban iya ba. Gaskiya ne ban iya ba, amma ko na iya ba na so. Yaya zan yi?

Mai kewa, daga Tsanyawa

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mijinki, ya ba ki haƙuri. Ba ki yi abin kunya ba. Kowa da abin da yake riƙewa, wata hular mamaci, wata carbinsa. Sai dai hula a akwati take, naki kuwa yana shiga gida arba'in da uku, har da na tsohuwar da ta haife shi. Malam Sama'ilu yana da gaskiya, kuma ya bi ta hanyar mutunci.

Gyaran ba wuya. Da farko ki kwafe sikirif ɗin yadda yake a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, ki adana, wannan naki ne. Ki kuma ajiye saƙon makon jiya a wayarki, kada ki goge. Sannan ki nemi wata malama da ta san kwamfuta ta zauna kusa da ke, ku buɗe shi. Rubutu ne kawai, za ki ga layin sunan can ƙasa. Shi kaɗai za ku taɓa. Ku fara gwadawa da lambarki ke kaɗai.

Ba kuma sai kin goge shi ba. Mutanen nan suna cin moriyar aikinsa duk mako, don haka ki mai da layin ya zama roƙon addu'a gare shi. Amma kafin ki canja, ki je wajen Inna da kanki, ki gaya mata ke ma sunan nan kike jira. Ina jin ku biyun kuna kuka ɗaya, kowa a ɗakinta.

Idan Alhamis ta zo, ki kunna laftof ɗin kamar kullum. Saƙon ba daga gare shi zai zo ba, amma baki arba'in da uku za su ce Allah ya jiƙan Abdulhadi. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ku damina mai albarka.

Anti Asiya