Wanda Zan Fara Kira Gobe a Rumfar Farsha

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce in karanta da ƙarfi, tunda a kaina aka ɓarnatar da kuɗin boko. Amma maganar da ke raina yau ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Gida lafiya. Hadiza ta sauka, ka samu jika namiji, an mayar da sunanka. Ya ɗauko hancinka, Allah ya ba shi haƙuri. Inna har yanzu takan zuba shayi a kofinka kafin ta tuna, in an kalle ta sai ta ce wai so take ya huce. Ruwan bana ya cinye hanyar Lamaji, masu babur sai abin da suka ga dama suke karɓa.

Asusun marasa lafiya na mahauta da dillalan Farsha da ka bari, ni suka ɗora wa. Ban nema ba, cewa suka yi ɗan gida ya fi sanin hanya. Gobe Juma'a bayan la'asar zan fara tsayawa inda kake tsayawa, a rumfar bakin mayanka.

Baba, Baffa Sale za a tara wa. Amininka, wanda kuka taso tare. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, yana ɓoye ta cikin safa da rufaffen takalmi a wannan zafin. Likitan asibitin Kuseri ya ce in ba a yi aiki da wuri ba, ƙafar tafiya za ta yi. Dillancin shanun ya karye tun bara, rigar ce kawai ta rage. Matarsa, Gwaggo Kaltume, ita ta zo ta same ni, ta sa na rantse ba zan ambaci sunansa ba.

Da ma dokarka ce. Ba ka taɓa faɗin sunan mai ciwo ba. Miƙewa kake yi ka ce wani ɗan'uwanmu yana cikin hali, mutane su sa hannu a aljihu. Sai yanzu na gane fuskarka suke ba wa. To ni wace fuska gare ni?

Mamman Nur, sakatarenmu, wanda ke aiki da wata ƙungiyar agaji a Shagwa, ya matsa mini a sauya tsari. Bai san ko wane ne ba. Ya ce mutane ba sa tausayin "wani", sai sun ga ido da suna. Ya tuna mini yarinyar nan da ta ƙone, da aka tura hotonta a waya, kafin yamma an haɗa mata abin da ake nema. Amma da ruwa ya rushe gidajen unguwa guda, ba hoton kowa, abin da aka samu bai wuce "Allah ya kyauta" ba. Gaskiyarsa ce. In na ce Sale gobe, kafin magariba an gama. Wane mahauci ne a Farsha Baffa Sale bai taɓa tsaya masa ba? Sai dai na san daga ranar ba zai ƙara zama a kasuwa yadda yake zama ba. Kowa zai riƙa gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, shi kuwa gara ka mare shi da ka yi masa haka.

Ba wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali ba. Kai ka koya mini cewa wanda aka fara kira shi ke aza wa taro ma'auni. In ya faɗi kaɗan, kowa ya samu wurin laɓewa. In ya faɗi da yawa, kunya ta ɗaga na bayansa. Kuma wa kake fara kira duk shekarun nan? Baffa Sale. Yana faɗin nasa da ƙarfi, ko kofin shayi bai ajiye ba, sauran su bi sahu suna gyaran murya.

In na tsallake shi gobe, duk rumfar za ta juyo ta kalle shi, sirrin ya tonu ban buɗe baki ba. In na kira shi, zai faɗi abin da ba shi da shi. Yaya zan tsaya gaban jama'a in nemi mutum ya buɗe tarin da ake yi don ƙafarsa?

Da safen nan ya aika a kira ni kasuwar shanu. Bai tashi ba, ka san shi da tashi ko don yaro ne. Ya ce ya ji akwai ɗan'uwa mai bukata, kada in kuskura in taɓa jerin da ubana ya bari, irin wannan taro yana son buɗi mai kyau. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, idonsa a kan shanun wasu. Ya sani, Baba. Da na biya gidan, Gwaggo ta ce jiya ya fitar da babbar rigarsa ta Sallah, bai dawo da ita ba.

A hanyar komawa ne wani abu ya faɗo mini. Zamanka na ƙarshe a rumfar nan. Ka ce muryarka ta dishe, Baffa Sale ya tsaya a madadinka. Ya ce wani ɗan'uwanmu yana cikin hali, sannan kai ya fara kira. Ka faɗi abin da ya sa wurin ya yi tsit. A makon ne babur ɗinka ya bar ƙofar gida, ka ce yana wurin gyara. Mako na gaba muka haye Kuseri da kai, asibiti.

Ina zaune a wurin, Baba. Na ba da nawa ina tsaki a zuci, ina cewa wannan ɗan'uwa da ba ya da suna ya cika yawan ciwo. Me ya sa ba ka gaya mini kai ne ba? Ko da ka gaya mini, da na iya riƙe fuskata? Na tabbata abin da ka hango ke nan. Ban taɓa ce maka ina alfahari da kai ba, ina ganin akwai sauran lokaci. Ga shi na faɗa yanzu, a takarda.

Zan kira shi. Ban san ko tarin zai isa ba, ina tsoron ba zai isa ba, don ni ba kai ba ne. In bai isa ba, Asabar zan bi gida gida da wannan fuskar tawa, har sai an gaji da ganina. Mamman Nur zai ce na zaɓi doguwar hanya alhali ƙafa ba ta jira, kuma in ƙafar ta tafi ban san abin da zan ce masa ba, balle Gwaggo.

Tun ɗazu nake maimaita sunan a ƙuryar ɗaki, kamar mai bitar karatu. Duk lokacin da na kai kan "Sale" sai muryata ta karye. Mahauta kuwa ka san kunnensu.

Allah ya haskaka kabarinka, ya kai maka rahama. Da ana aron abu daga inda kake, fuskar da ka yi a ranar nan zan roƙa, zuwa magaribar gobe kawai.

Ɗanka,
Habibu, wanda ya zauna kusa da kai ranar bai gane komai ba.