Ɗana Ya Ƙi Zuwa Gida Sallah Saboda Littafinka

Zuwa ga Malam marubucin littafin barkwancin Sallah da ake ta yayi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da alƙalaminka. Sunana Isiyaku, ina sana'ar fata a mayankar Agege, a nan Ikko. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ba ni na gaji da makarantar ba, ita ta gaji da ni. Saboda haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannun da ya saba barbaɗa wa fata gishiri ne ya riƙe biro. Ba zan ambaci sunan littafin ba, don ban ga dalilin yi maka talla kyauta ba. Masu yi maka sun ishe ka.

Ga wanda bai karanta ba, labarin wani ɗan kasuwa ne mazaunin Ikko da ya kwashi iyalinsa zuwa ƙauye Babbar Sallah. A ciki akwai ɗansa, haihuwar Ikko, wanda yana ganin kakansa ya zube ƙasa ya kwanta rub da ciki, irin gaisuwar Yarbawa. Tsohon ya zaci farfaɗiya ce, ya aika a kira mai magani. Daga nan ka raɗa wa yaron suna Rub-da-ciki, kuma har littafin ya ƙare ba ka bar shi ya tashi ba. Ya ga liman ya kwanta, ya ga dagaci ya kwanta, ya ga jaki mai furfura a haɓa ya kwanta.

Ba zan yi maka ƙarya ba, 'yata Zainabu ce ta karanta mana a tsakar gida, kuma inda ragon layya ya tsinke a tasha na yi dariya har na ƙware. Ashe haƙorin dariya shi ke cizo. Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ina da ɗa, Habibu, ya gama sakandare, yana koyon gyaran waya a Oshodi. Lokacin yana ƙarami uwarsa ta yi doguwar jinya, maƙwabciyarmu Iya Basira, Bayarabiya ce Musulma, ita ta goya shi, ta ba shi tuwon amala da hannunta, ta koya masa cewa ba a gaida babba a tsaye. Sallar bara waccan na kai shi ƙauyenmu a ƙasar Katsina, rabonsa da can tun yana rarrafe. Yana hango mahaifiyata, Inna, zaune a kan tabarma, sai ya kwanta a gabanta da sabuwar shaddarsa, goshi ya kusa taɓa ƙasa. 'Yan gida suka tuntsire. Inna ba ta yi dariya ba. Ta lalubo kansa ta dafa, ta daɗe tana sa masa albarka, ta ce jikokinta na gida sukan gaishe ta ne da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa waya. Aka ci nama, aka watse, magana ta mutu.

Kai ka tono ta, Malam. Na san ba ka san Habibu ba, ba ka taɓa ganinsa ba, wataƙila Agege ma a taswira ka san ta. Amma tun da wani mai murya ya karanta littafin nan aka riƙa tura shi waya zuwa waya, babu wanda ke kiran ɗana da sunan da na yanka masa rago. 'Ya'yan ƙanena suna kwanciya gaban akuya su ɗauki bidiyo su turo guruf ɗin dangi, a rubuta, "Gaisuwa daga Ikko." Habibu ya fice daga guruf ɗin.

Na biyu. Tunda na ji an ce kana son jin ra'ayin masu karatu, ga na unguwarmu, kyauta.

Samarinmu 'yan ci-rani masu haya da babur, wato okada, da masu turin baro sun ɗauke ka gwani na gwanaye. Waɗannan ban ga laifinsu sosai ba. Wuni guda ana kiransu aboki da gatse, yaran da aka haifa a nan ma suna yi musu dariya in sun ɓata a tashar Mile 2, to sun samu wanda ya rama musu. Alhaji Tanimu, dillalin shanu, ya ce tun da yake bai taɓa jin littafi irin wannan ba. Gaskiya ya faɗa, don shi ne na farko da ya taɓa ji. Wani ustazu a layinmu ya ce littafin wa'azi ne, wai ya tona asirin masu yi wa mutum sujada. Na ce masa sujadar da ba alwala, ba niyya, ba alƙibla, mutum a miƙe kamar kifi, a wane littafin ya gan ta? Har yau bai amsa sallamata da kyau ba. Akwai kuma wasu dattawan mayanka da suka ce a haɗa a ƙone littafin, wai ka ci mutuncin Hausawan kudu. Na tambaye su wane shafi ya fi ɓata musu rai, sai aka shiga gyaran murya. Ko bangonsa ba su gani ba. Da masu yabonka da masu zaginka, rabinsu ji suka yi a bakin wani, ni da aji huɗuna ne na zama mai sharhi a cikinsu. Ka ga inda duniya ta kai.

Iya Basira kaɗai ta ba ni kunya. Zainabu ta fassara mata wurin gaisuwar Rub-da-ciki, ta saurara, sannan ta tambaye ni, "Baba Habibu, to a garinku ladabi ne abin dariya?"

Na uku. Duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce ai wasa ne. Malam, ni ma ɗan wasa ne, tambayi duk mayanka. Na tsokani Bafulatani, na tsokani Babarbare, an tsokane ni da tumbina da sanƙona na rama. Amma wasan da muka gada, wanda ake yi da shi yana da bakin ramawa. Kai ka zaɓi yaro wanda Hausarsa ke tuntuɓe, wanda in ya buɗe baki zai kare kansa dariyar ƙaruwa take. Ba mu muka zaɓar wa 'ya'yanmu Ikko don alfahari ba, abinci ya kawo mu. A nan ana ce musu 'yan arewa, a gida ana ce musu Yarbawa. Wuri ɗaya da ya rage musu shi ne tabarmar kakarsu, nan ma ka aika 'yan kallo.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Sallah ta ƙarato. Idon Inna ya kusa rufewa, ƙafa ta daina kai ta ko ƙofar gida. Duk wayar da za mu yi, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Ina mai gidan nawa, zai zo?" Habibu ya ce ba za shi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi barazanar da ni kaina na san ba zan cika ba. Abin da ya ce min shi ne, "Baba, in na kwanta su ɗauke ni a waya, in na ƙi kwanciya Inna ta ce na lalace. Wanne zan yi?" Ban san Sallah nawa ta rage wa tsohuwar nan ba, kai ma ba ka sani ba.

Ga roƙona. Ban ce ka janye littafi ba, ban ce ka ba ni haƙuri a rediyo ba, haƙurin rediyo ba ya hawa mota. Ina so ka fito da bakinka, a inda mabiyanka ke jinka, ka ce musu yaron da ya kwanta gaban kakarsa ya fi wanda ya tsaya yana ɗaukarsa hoto. Samarin ƙauyenmu ba sa jin maganata, ni kawun Ikko ne mai kawo tsaraba, amma taka suna haddacewa. Ka yi kafin jajibere, don bayan Sallah ba ta da amfani a gare ni.

In kuma ka yi shiru, na riga na kama kujera biyu a motar Katsina, kuma na faɗa wa Habibu abin da zan yi. In muka shiga gida, ni zan fara. Zan kwanta gaban uwata rub da ciki, da babbar rigata da tumbina, gaban duk mai waya, shi ya biyo baya. In dariya ce a yi mana mu biyu. Bai ce zai je ba tukuna, amma ya tambaye ni wa zai ɗaga ni in na kwanta, na ce masa ai shi ya sa kujerar take biyu.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa alƙalaminka ya riƙa duba wanda zai faɗa wa kafin ya sauka. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su gaishe ka ko ta wace irin gaisuwa ce, ya tsare su daga marubuta. Allah ya kai mu Sallah lafiya, da mu da tsofaffinmu.

Wassalam.

Isiyaku mai fata,
Agege.