Fihirisar da Na Ƙara

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau, sai ciwon baya, kada ki gaya mata.

Kin san da digirina biyu, shigar da sunaye a kwamfuta nake yi a wani asibiti a nan ƙasar waje. Rumbun bayanansu yana da fihirisa, irin ta littafi, amma a kan lambar kati kawai. Marasa lafiya kuwa mantuwa suke yi da kati, ranar haihuwa suke faɗa. Sai kwamfuta ta bi sunaye miliyan biyu ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi na tsaye suna jira. Sau uku ina rubuta wa shugaban sashe a ƙara fihirisa. Ya ce, "Baba, kai dai buga abin da aka ba ka."

Rannan ya bar kwamfutarsa a buɗe. Umarni ɗaya na rubuta, na ƙara fihirisa a kan ranar haihuwa. Binciken minti uku ya koma ƙiftawar ido.

Yanzu wai don na yi ba da izini ba, in sa hannu a takardar ban haƙuri ko su sallame ni, izinin zamana a ƙasar kuma a kan aikin yake. Ba zan sa ba. Na ce musu in laifi ce, su cire ta. Yau kwana tara, ba wanda ya taɓa ta.

Ki sa a share ɗakina, wataƙila ku gan ni. Allah ya yi muku albarka.

Yayanki