Tsirkiyar Auta da Tambayar Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Jikin Baba sai addu'a. Mun rufe shagonsa na gyaran rediyo, ƙafafunsa sun kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Jiya likita ya tambaye shi aikin ɗansa, kunya ta kama shi. Shekara tara kana jami'a kana bincike, uban da ya haife ka bai san me kake nema ba. Ya ce ka rubuto masa dalla-dalla, ban da turancinku.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ki karanta masa a hankali.

Baba, in aka yi ta farfasa kowane abu, ƙarfe ko ruwa, ana isa ga ƙwayoyin da ido ba ya gani. Mu muna zaton a cikin kowace ƙwaya akwai 'yar tsirkiya mai karkarwa. Tsirkiyar iri ɗaya ce, kaɗawarta ce ta bambanta, kamar yadda wayar garaya ɗaya ke ba da amo iri-iri. Wata kaɗawar ta zama haske, wata ta zama abin da ke jawo guduma ƙasa in ta suɓuce. Aikina lissafin wannan kaɗawar.

Ina nan tafe da zarar an yi hutu.

Naku, Auta.

Auta,

Muna gaisuwa. Sau uku na karanta masa, har ya yi dariya, ya ce ashe ɗansa makaɗi ne. Amma ka san Baba, bai taɓa miƙa wa mutum rediyo bai kunna ya ji ba. Tambayarsa ɗaya: an gwada? An ga tsirkiyar? Kullum sai ya ce in duba ko amsa ta zo. Kada ka daɗe, abinci ya daina zama masa.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa, ki gafarce ni da shirun sati huɗu. Na rubuta na yaga ya fi a ƙirga. Ba a gani ba. Ƙanƙantarta ta fi ƙarfin duk na'urar da muke da ita, wataƙila in mutu ba a gani ba. Kunyar faɗa masa nake ji, don a kan wannan na bar shi shi kaɗai a shago. Ki faɗa masa yadda zai iya ɗauka.

Ƙanenki.

Auta,

Sai haƙuri. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, wasiƙarka ta iso Alhamis. Ran Litinin, ana gobe zai rasu, ya sake tambaya, na ce masa an gani, kai ka fara gani. Ya sa aka kira likita, shi Baba da bakinsa ya faɗa masa abin da ɗansa ya gano.

Na yi ƙarya, kuma ban yi nadama ba. In ka zo, mutane za su yi maka barka. Ka amsa.

Yayarka.