Sauron da Ke Cizo da Rana

Lugbe, Abuja
6 ga Satumba, 1992

Zuwa ga maiɗakina Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yau shekara biyu da wata huɗu rabona da gida. Kin ga rubutuna a karkace, yatsuna ne. Zazzaɓi ya kayar da ni, ya tafi ya bar min ciwon gaɓoɓi. Ni da nake buga takarda ashirin a tafireta kafin azahar, yanzu maɓallin riga ya gagare ni. Na sha maganin maleriya har zagaye biyu, ban samu komai ba sai ƙaiƙayi.

Oga Alexander bai yarda da ciwon nawa ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don tun da aka kwaso mu daga Legas rabin ofis ciwon ƙarya suke yi don su koma. To ni me na bari a Legas? Ya ce in likita bai rubuta sunan cuta ba, duk ranar da na kwanta za a cire ta daga hutuna, hutun da nake tarawa don in zo girbi.

Ina yawan tuna siracen darbejiyarki, da faɗan da kike yi in na leƙo daga bargo. A nan ko ruwa ba mai miƙo min.

Naki,
Yamusa

Lugbe, Abuja
19 ga Oktoba, 1992

Turai,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa kaina sau uku.

An gano cutar. Wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Jos, Lucy, ta duba jinina ba ta ga maleriya ba. Na yi mata alfahari da gidan saurona, ta yi dariya, ta tambayi inda muke ajiye ruwa. Famfo bai iso Lugbe ba, durom uku gare mu a buɗe. Ashe a ciki wani sauro mai zanen fari yake ƙyanƙyasa, kuma da rana yake cizo. Aka aika jinin zuwa Ibadan, mako biyar ina jira. Sunan cutar cikungunya. Ba ta da magani sai hutu da maganin ciwon jiki.

Oga ya karanta takardar likita a tsaye. Bai ba ni haƙuri ba, amma ya mayar min da kwanakina, ban da tara na farko da ban je asibiti ba. Gaskiyarsa ce.

Ga abin da na tsira da shi: kwana talatin da uku. Biyu na hanya, sauran naku ne. Kada a yanke dawar bayan gida sai na zo. In hannuna bai riƙe lauje ba, zan zauna a gindin tsamiya in kalla.

A gaida Inna da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Yamusa