Tayoyin da Na Zaɓa a Risani

Yaya Hadda,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Mu nan Marzuga lafiya lau, sai karayar maigidana Lahsen da ba ta haɗe ba. Shi ya sa ni na je garin Risani sayen tayoyin baburansa masu ƙafa huɗu, da yake ba baƙi 'yan yawon buɗe ido haya. Na zaɓi masu manyan haƙora, irin na maƙwabta. Ashe ƙaramin injinmu ba ya iya juya su, sai ya tona yashi ya nutse. Maƙwabcinmu Bassu ya ce, "Lalla Itto, rijiya kike haƙa mana?" Baƙi duk sun koma wajensa, mai shago kuma ya ƙi canji. Kullum Lahsen na tambaya me ya hana shi jin ƙarar inji. Ban iya ƙarya ba, Yaya. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Itto