Tuwon Bakin Tasha

Fatakwal, watan Rajab

Maman Mahbub,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da Bappa. Yaya ƙafar tasa? Na ji Shari'a ta iso Kano. Allah ya sa ta iso har tukunyar talaka.

Ni lafiya lau, kada ki damu. Na daɗe ina shan garin kwaki, har raina ya ƙuntata, ko gaisuwa faɗa nake jinta. Sai na samu wata tsohuwa mai tuwon dawa a bakin tasha. Miyar kukarta irin ta marigayiya Inna ce sak, har ɗan ƙaurin nan. Ina ci fushi ya tafi. Tsakani da Allah ba ta taɓa tauye min malmala ba. Amma ranar farko, da sunan da Inna kaɗai ke kirana ta kira ni.

Yanzu ba na fushi, ba na kuma kewar garinmu Getso, abin da ke tsorata ni ke nan. Ki ba direban Kabo mai zuwa Fatakwal daddawarki da kuka, in koma girka nawa. Kuma ki rubuto min sunan autarmu. Tun Juma'a nake nemansa a kaina.

Mijinki,
Dalhatu